Rasuwar Basamude, Fayil ɗin da Ya Mutu Yana Ajiye Kansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, Edita, mai shagon haɗa bidiyo da ke tsakanin mai aski da mai gyaran waya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariyar ƙeta, rasuwar fayil ɗin aikinsa wanda aka fi sani da Basamude. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi, a cikin kwamfutar da ya yi rayuwarsa, yana tsaka da ajiye kansa. Ya mutu yadda ya rayu, a hankali, kuma daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

An haifi marigayin ranar da Edita ya buɗe shago. A lokacin ɗan mitsitsi ne, ka danna masa ajiye, kafin ka ƙifta ido ya gama. Sauran masu sana'ar kowane aiki da sabon fayil ɗinsa suke buɗewa. Edita kuwa ya ce a cikin Basamude ya jera launukan da yake so, da salon rubutunsa, da kiɗan buɗewa, don me zai sake wahalar jera su? Saboda haka duk aikin da ya shigo cikinsa ake zubawa: tallar mai sabulu, taron yaye ɗalibai, ƙwallon ma'aikatan wani kamfani, har bidiyon wani ɗan takara da ko matarsa ba ta zaɓe shi ba. Marigayi bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Haka ya yi ta kumbura har ya zama abin da ya zama.

Za a tuna da shi a matsayin malamin haƙuri, domin duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya koya, ko yana so ko ba ya so. In Edita ya danna ajiye, sai ya ɗauki hularsa ya fita. Ya sha shayi, ya leƙa wurin mai aski a rage masa suma, ya ji labarin unguwa kaf, ya dawo ya tarar da koren layin nan mai nuna ci gaban ajiyewa yana rarrafe kamar tsohon da gwiwa ta dama. Marigayi ba mai yawan magana ba ne. Abin da aka fi ji daga gare shi shi ne "fuuuuu" na fankar kwamfuta, sai "ƙirr, ƙirr" in ransa ya ɓaci, sai kuma wani "ting!" mai shelar matsala.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma wannan dai fayil ne, za a faɗa. Marigayi azzalumi ne. A da manhajar haɗa bidiyon takan ajiye aiki da kanta lokaci zuwa lokaci, to shi Basamude sai ya ga mai aiki ya zauna yana kallo, sannan zai sandare ya kunyata Edita. Dole aka kashe wannan tsarin. Yana da ƙanne, wato kwafe-kwafensa da aka adana saboda ɓacin rana, amma da rumbun ajiya ya cika, ɗaya bayan ɗaya aka goge su don a samar masa wurin miƙe ƙafa. Ya cinye ƙannensa tas, ko gyatsa bai yi ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da aikin surukar Edita, wato Mama, shugabar wata makarantar sakandare da za ta yi ritaya. Tun da Edita ya auri 'yarta, matar nan ba ta taɓa yarda yana da sana'a ba. In an tambaye ta aikin mijin 'yarta, sai ta gyara tabarau ta ce, "Kallon talabijin yake yi, da kujera mai juyawa." Da makarantar ta ba shi aikin haɗa bidiyon bankwana da za a haska a zauren taro, Edita ya ƙudurta a ransa cewa ranar nan sai Mama ta furta da bakinta cewa aiki yake yi. Ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya da kyamara, ya ɗauki yabonsu, ya zauna ya yanke, ya goge, ya jera, ya sa kiɗa mai taɓa zuciya. Abin ya yi kyau har shi kansa sai da ya share ƙwalla.

Ranar taron da safe ya ƙara hoto ɗaya tak, na Mama tana 'yar budurwa riƙe da alli, ya danna ajiye kafin ya fitar da bidiyon. Wannan karon bai je ko'ina ba, ya zauna yana lallashi. Layin ya rarrafa, ya rarrafa, saura ƙiris ya kai, sai ya tsaya. Fanka ta yi "fuuuuu" mai tsawo. Sai "ting!" Rumbu ya cika, babu wurin ƙarasawa. Aka rufe, aka buɗe, Basamude ya ƙi motsi. Mai gyaran waya ya shigo ya leƙa, ya taɓe baki ya ce, "Wannan sai haƙuri. Kai ma dai, mutum ya tara duniya a fayil ɗaya?" Ba a tambaye shi ba.

Edita ya zare ɗayan rumbun, mai ɗauke da ɗanyen bidiyon da ba a tace ba, ya ruga makaranta don ya roƙi a ɗaga haskawar. Zaure ya cika, Mama na zaune a gaba cikin manyan baƙi. Mataimakin shugaba, mutumin da bai taɓa sauraron jimla har ƙarshenta ba, ya fizge rumbun daga hannunsa.

"Hotunan na ciki ko ba sa ciki? To shi ke nan. Bidiyo ai bidiyo ne."

Kafin Edita ya buɗe baki an jona da majigi. Malamin lissafi ya bayyana a bango, ƙato, yana gyara wuyan riga.

"Ka fara ɗauka? Ba ka fara ba? To bari ka ji, duk zamana da matar nan, ko gaisuwa na yi sai ta gyara min. Allah Ya raka taki gona." Ya yi gyaran murya. "Yauwa, fara. Shugaba uwa ce a gare mu."

Wani daga bayan zaure ya tuntsire da dariya. Malamar kimiyya ta biyo, tana murza ido da gefen gyale tana tambaya, "Hawayen sun fito? Kai, sun ƙi. Sake ɗauka, bari in tuna da wani abin tausayi." A nan ne wani mai imani ya zare wayar majigin. Mama ba ta motsa ba. Ta juyo a hankali ta dubi Edita ta saman tabarau.

"Ashe abin da kake yi ke nan a kan kujerar. Kana rufa wa mutane asiri. Lallai sana'a ce, kuma babba."

Shekara da shekaru yana jiran wannan kalma, ga ta ta zo, kuma da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Marigayin ya bar kwamfuta ɗaya mai zazzaɓi, da tulin ɗanyun bidiyo marasa uba, da mai sabulu da ke jiran a gyara masa lambar waya a tallarsa, da mai shayi wanda ya yi rashin babban dalilin cinikinsa. Ya bar matar Edita, wadda tun ranar ba ta ce komai ba sai "Hmm." Ya kuma bar malamai biyu da yanzu ke zagayawa ta bayan layi don kada su wuce ƙofar gidan Mama.

Za a yi jana'izarsa gobe da safe a shagon. Za a ja shi zuwa kwandon shara na kwamfuta, kuma da yake an san halinsa, ana sa ran gogewar ma za ta ɗauki lokaci, don haka kowa ya zo da kujerarsa. Duk wanda ya san zai tambaya, "Ba ka ajiye kwafi ba?" ya yi zamansa a gida, an yafe masa ta'aziyyar. Mataimakin shugaba kuwa, in ya kuskura ya zo, iyalai ba su ɗauki alhakin abin da zai same shi ba.

Mama ta aiko cewa ba za ta samu halarta ba. Ta ce da an gama binnewa a kai mata ɗanyen bidiyon gaba ɗayansa, kada a yanke ko tari, domin akwai sauran malaman da ba a kai ga nasu ba. Edita yana roƙon jama'a addu'a ta musamman. A cikin waɗanda suka rage akwai na malamin tarihi, inda bayan ya gama ƙorafinsa, ake jin wata murya daga bayan kyamara tana dariya tana cewa, "Malam, kai da ake tashi ƙarfe biyu ka huta? Ni fa 'yarta nake aure."