Giwar Injiniya Ari da Carbin Ya Kaka

Duk mai son sanin girman Injiniya Alhaji Ari, to ya tambayi Ya Kaka, maƙwabciyarsa ta jikin katanga a lungunmu na Ƙofar Mazugal. Ita ce shaida, don ita aka yi wa alherin.

Wata rana da hantsi tana dawowa daga gaisuwar mutuwa, carbinta ya tsinke daidai ƙofar gidansa. Carbin na marigayi mijinta ne, baƙi, tun na zuwansa Makka. Ƙwayoyin suka watse, wasu ƙarƙashin benci, wasu bakin kwata. Ta tsaya tana ta salati, ga gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Sai ga Injiniya ya fito cikin babbar riga ta sha sitaci. Jama'a, mutumin nan da gaisuwa ma da ka yake amsawa, shi ne ya tattare riga ya durƙusa a ƙasa. Yana tsinta yana jefawa aljihu, yana kuma ba da darasi.

"Ba laifinki ba ne, Ya Kaka. Laifin ƙasar nan ne. Muna ɗora wa zare nauyi ba tare da lissafi ba. Da an tuntuɓe ni tun farko, da carbi bai ƙara tsinkewa a jihar nan ba."

Da ya gama ya juye mata aljihun kaf a cikin hijabi. Ya shiga gida ya kawo mata wani zaren roba siriri, mai kama da ruwa, wanda sai an ƙura ido ake ganinsa. Ya ce wannan ko rago aka rataya ba zai tsinke ba. Ta yi godiya har da ƙwalla.

Tana shirya carbin a tsakar gida ta tarar da baƙo cikin ƙwayoyin. Shi ma baƙi ne, da rami a tsakiya, amma an zagaye shi da 'yan haƙora ƙanana. Ya Kaka ta juya shi, ta sake juyawa. Karatunta na boko bai wuce ta gane lambar gida ba, amma ba ta taɓa yarda a ce ba ta da basira ba. Nan take ta gane: kyauta ce. Manya haka suke, ba sa faɗa. Ta zura shi a tsakiyar carbin don ta riƙa sanin ta kai rabi. A islamiyyar matan aure, duk wadda ta tambaya, sai ta sunkuyar da kai irin na masu tawali'u ta ce, "Ai ɗan Dubai ne." Wadda ba ta tambaya ba ma, ana gyara zama yadda za ta gani. Aibinsa ɗaya, haƙoran suna sukar ta a babban yatsa. Wannan kuwa ba ya gagarar mace mai dutsen goge kaushi. Ta zauna ta goge su tas, ya koma sumul kamar 'yan uwansa.

To, wane ne Injiniya? Kafin ya yi ritaya, shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar tayoyi a wani ofishi. A cewarsa, ba motar da ta taɓa motsawa a wurin sai da sa hannunsa, kuma gaskiya ne, tunda mota ba ta tafiya ba taya. Bayan ritayar ne ɗansa Mikail ya aiko wa jikoki kwalin wasu 'yan bulo na roba daga Dubai, irin masu maƙalewa da juna, a haɗa su su zama mota ko jirgi. Injiniya ya duba kwalin ya yanke hukunci cewa wannan ya fi ƙarfin yara. Tun daga ranar jikokin ba su sake ganinsa ba. Kwali ya bi kwali. Zauren da ake shan iska ya koma masana'anta, har da allo a ƙofa. Ya kafa ƙungiyar maƙera motocin bulo ta cikin birni, aka yi zaɓe, ya ci shugaba ba hamayya, saboda shi kaɗai ne ɗan ƙungiyar. A gabansa mukan ce Injiniya. In ya juya baya, Sarkin Bulo. Amma kada mu yi ƙarya, duk ranar da ya fito da sabuwar mota, mu ne sahun gaba a leƙe.

Ya yi tifa mai juye gero. Ya yi tirela mai ƙafafu kamar shanshani. Ya yi katafila da ta taɓa tura wa kazar gidan ƙwai har bakin rariya. Duk waɗannan share fage ne. Babban aikin shi ne Giwar Mazugal, motar ƙugiya irin mai ɗaga kwantena, tsayinta ya kai ƙugun mutum, da batir, da abin dannawa a hannu. Aljihunsa kullum cike da 'yan guntayenta, ko masallaci za shi.

"Turawa sun yi bulon," in ji shi, "amma ba su san abin da suka yi ba. Sai da ya zo hannuna."

Matarsa Shamsiyya ita ta san Giwa ciki da waje, ta tafin ƙafa. Ba safiyar da ba ta taka wani ɓangare nata ba a hanyar alwala. An hana ta shara a zaure, an hana ta turaren wuta wai hayaƙi yana shiga inji, an hana ta daka saboda girgizar ƙasa. Sai ta kwashi turminta ta koma dakawa gidan Ya Kaka. Da haka suka zama uwa da 'ya. Ita ke zura wa tsohuwar zare a allura, ita ke miƙo kwanon miya ta kan katanga, ita ce muryar da Ya Kaka ke fara ji bayan ta liman tun da mijinta ya rasu.

Aka sa ranar ƙaddamar da Giwa. Mai unguwa zai zo, da wani Muhammad Auwal mai ɗaukar bidiyo yana sawa a waya duniya ta gani. Tsarin shi ne Giwa ta ɗaga kofin shayi daga tebur ta miƙa wa mai unguwa da kanta. Injiniya ya ce daga ranar za a daina raina baƙar fata.

Ana saura kwanaki kaɗan ya yi gwaji. Ya danna. Giwa ta yi gurnani, ta yi gurnani, hannu bai ko motsa ba. Ya kwance ta har gindi, ya gano wani ɗan gargare guda babu, wanda shi ke karɓar juyi daga inji ya miƙa wa hannun. Aka zazzage kwalaye. Aka ɗaga tabarmi. Aka tsare kazar ana duba abin da take fitarwa. Ya zargi 'yan baƙin ciki, ya zargi ƙasashen da ba sa son mu ci gaba. Da ya ga duk waɗannan sun yi masa nisa, sai ya juyo kan na kusa.

"Tsintsiyarki ce, Shamsiyya! Kin share tarihi kin zuba a bola!"

"Alhaji, rabona da zauren nan da tsintsiya tun kafin azumi. Dubi ƙurar, ai ko gyaɗa ka shuka za ta fito."

"Injiniya ake cewa!"

Ta ce to, Injiniya ya dafa wa Injiniya tuwo. Ta yafa mayafi ta nufi gidansu a Ƙofar Dawanau. Shi kuma ya biyo ta har bakin lungu, kowa na ji, ya rantse da Allah ba za ta sake taka gidansa ba sai abin nan ya dawo cikinsa. Liman ya same shi ya ce rantsuwar fushi tana da kaffara, a yi a wuce wurin. Ya ce injiniya ba ya janye lissafi. Aka kira Mikail ko zai aiko da wani gargaren, ya ce ba mai tahowa gida sai bayan Sallah.

Katanga ta yi shiru. Ba daka, ba kwano, ba "Ya Kaka kin tashi lafiya?" Tsohuwa ta riƙe allura tana neman ƙofarta har ido ya yi ruwa. Kuma labari ya fara zuwa cewa yayyen Shamsiyya sun ce in dai a kan abin wasan yara ne, gara a ba ta takardarta kowa ya huta.

Ana cikin haka Injiniya ya yi sallama a ƙofarta bayan la'asar, rigar ba sitaci, da alamar ya kwana biyu yana cin burodi.

"Ya Kaka, ke mai ibada ce. Kimiyya ta yi nata, saura naku. Ki riƙa ja mini carbi, Allah ya tona asirin duk wanda abin nan ke hannunsa."

"Amin, Injiniya. Allah ya tona shi tsakiyar kasuwa." Ta ja ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin hijabi. "Wai yaya kamarsa yake?"

"Ɗan mitsitsi ne, baƙi. Da rami a tsakiya. An zagaye shi da haƙora."

Babban yatsan Ya Kaka ya kai rabin carbi, ya tsaya cak. Ta tuna aljihun da aka juye mata. Ta tuna matan islamiyya. Ta tuna dutsen kaushi. Sannan ta tuna ita ce yanzun nan ta ce amin da ƙarfi, har da ƙarin kasuwa.

Shaiɗan ya matso ya ba ta shawara mai kyau: ta bari ya tafi, ta wurga abin ta kan katanga, a tsince shi gobe, ba wanda ya ji kunya. Har ta fara auna tsayin katangar da ido. Sai ta ga in an tsince shi a tsakar gida, tsintsiyar Shamsiyya ce dai za ta ɗauki laifin har abada. Ta yi ta'awizi, ta fito da carbin, ta miƙa.

"Ko wannan ne?"

Injiniya ya sa tabarau. Ya cire. Ya sake sawa.

"Ina... ina haƙoran?"

"Suna suka ta ne, Injiniya."

Ya zauna a kan turmin matarsa ba tare da an ba shi wuri ba. Ya buɗe baki zai fara jawabi a kan jahilci, sai Ya Kaka ta ce, a hankali, tana kallon ƙasa, ita dai ba ta san komai ba, abin da aka juye mata daga aljihu shi ta shirya, kuma duk lungun nan sun ga aljihun wanda aka juye. Jawabin ya koma ciki. Ta ƙara da cewa, in ba ta manta ba, rantsuwar cewa ta yi sai abin ya dawo gida. Ba a ambaci haƙora ba.

Zaren kuwa, kamar yadda ya faɗa, ya ƙi tsinkewa. Sai da aka nemo almakashi.

Washegari aka ga Injiniya da ƙunshin goro, Ya Kaka na biye da shi tana ɗingishi, sun nufi Ƙofar Dawanau biko. Ya shaida wa surukansa cewa bincike mai zurfi ya wanke Shamsiyya, kuma shi da ma bai taɓa zarginta ba, gwada haƙurinta yake. Shamsiyya ta dubi Ya Kaka, Ya Kaka ta dubi silin. Da yamma aka ji daka ya tashi a lungu, kuma a tsakar gidan Injiniya yake tashi.

Ranar ƙaddamarwa zaure ya cika har waje. An kafa Giwa a kan tebur, jikin labulen shiga cikin gida. Injiniya ya yi jawabi ya taɓo tarihin taya, ya taɓo makullin ofis, ya gode wa ƙungiya, ƙungiya ta miƙe ta amsa. Sannan ya ce bismillah, ya danna.

Giwa ta yi gurnani. Hannu ya motsa. Kofin shayi ya tashi sama, kaɗan-kaɗan, taki-taki, ko ɗigo bai zuba ba. Muka yi kabbara. Mu da muke ce masa Sarkin Bulo, mu ne muka fi kowa ihu, wani ma cewa yake shi tun farko ya san za a rina. Mai unguwa ya lura hannun yakan ɗan tsaya, ya numfasa, sannan ya ci gaba, ya tambayi dalili.

"Tsaro ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Ni na ƙirƙiro shi. Ko Turawa ba su kai nan ba."

Muhammad Auwal ya ce a maimaita wannan don makirufo ya ɗauka da kyau. Aka maimaita. Aka nemi Ya Kaka ta zo ta ga abin al'ajabi, ba a gan ta ba. Matan islamiyya suka ce ai ita ba ta son taro, baiwar Allah.

Tana nan kusa, a bayan labule, a kan kujera 'yar tsugunno, Shamsiyya na yi mata fifita da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta toshe bakinta da shi kada dariya ta kuɓuce mata. Tsohuwar tana jan zaren da aka ɗaura a hannun Giwa tana istigfari, in ta kai rabin ƙirga, inda ta saba tsayawa a carbi, ta tsaya. Don da sassafen ranar, kafin kowa ya zo, Injiniya ya shigo gidanta riƙe da ragowar zaren nan mai kama da ruwa, ya durƙusa karo na biyu a rayuwarsa, ya rage murya.

"Ya Kaka, na duba duk cikin birni, ba hannun da ya kai naki iya ja daidai-daidai. Ki taimaka ki zauna bayan labule. In kin ji gurnani, ki fara. Sai dai don girman Allah ki yi tasbihin a zuci, akwai makirufo."