Barbaɗen da Aka Yi Min a Gidan Taliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Jummai ta kai ni cin abincin Italiya a Dubai ba. Ko na so mantawa ma, ita ba za ta bar ni ba.

Sana'ata abaya ce. Ina zuwa Dubai in ba da ɗinki, in tattara, in tura kago Kano. Ƙarfin kasuwata duk a hannun mutum ɗaya yake, wato telana, wani ɗan Bangaladash a wani lungu na Deira. Duk 'yar kasuwa ta san ba a nuna wa kowa tela. In zan je wurinsa, nesa da shagon nake sauka daga tasi, in ratsa ta wajen masu turare ina waige (na taɓa faɗawa shagon takalma ina gwada waɗanda ba zan saya ba, don kawai na ga wata mai kama da Hajiyoyin Kano a bayana).

Jummai ƙawata ce tun makarantar kwana, nas ce a wani asibiti wajen Al Qusais. Kwatsam na ga ta fara ɗora hotunan abaya a waya, wai tana sayar wa abokan aikinta. Ba a jima ba ta kira ni.

"Hajjaju, Asabar ina hutu. Zo mu je mu ci taliyar Italiya, ni zan kai ki."

Na ajiye waya na ce, to, an zo wurin. Ga gidajen abincinmu da ake tuwo da miyar kuka, me ya sa sai inda babu Bahaushen da zai gan mu? Telana take so.

Wurin ƙarami ne a unguwar Muraqqabat, teburan katako, ƙamshin gashin burodi ko'ina. Muna zama aka kawo burodi da man zaitun, da wani baƙin ruwa a tsakiyarsa. Na ɗaga na shinshina.

Jummai ta ce, "Ruwan kal ne na tsami, Hajiya, ba giya ba. Ci abinki."

Na ce na ƙoshi da burodi.

Ta shiga tambayoyi. Ya kasuwa, yaushe kagona zai tashi, ina yara. Kowace tambaya na ba ta Alhamdulillahi na rufe bakina, ina jiran in ga ta inda za ta ɓullo.

Abu ɗaya muka zaɓa, taliya da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama. Sai Jummai ta yafito mai kai abincin, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da Turanci tana nuna tebur da yatsa. Matar ta gyaɗa kai. Ni Turancina na ciniki ne, in aka rage murya an wuce da ni. Amma idona bai rage komai ba.

Aka kawo faranti biyu. Matar ta dawo da ɗan kwano da cokali, ta tsaya a kaina, ta barbaɗa wani farin gari a kan taliyata, tana murmushi. Ta wuce ta Jummai ba ta zuba ko ƙwaya ba.

Tawa kaɗai!

Wanda ya tashi a hannun kaka irin tawa ya san me ake kira barbaɗe. Ka ci, bakinka ya buɗe, a tambaye ka duk abin da aka ga dama ka zazzage. Ban tsaya na tambayi kaina wane boka ne yake aiki da 'yan Filifin a Dubai ba. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Allah da ikonsa, aka kira Jummai daga asibiti, ta fita waje amsa waya. Na sa cokali mai yatsu na cakuɗa taliyata har garin ya ɓace cikin miya, na ɗan hargitsa tata don su yi kama, na musanya farantan. Na gyara zaman mayafi. Wallahi a lokacin alfahari nake da kaina.

Ta dawo, ta yi bisimilla, ta naɗo taliya. Cokalin ya kusa bakinta sai ga 'yar Filifin nan da gudu, ta riƙe mata hannu tana "Madam, la, la!" wato a'a da Larabci. Ta janye farantin, ta yi bayani da ƙarfi tana nuna ni. Wannan karon na ji komai, haka ma mutanen sauran teburan: wannan farantin ne mai cuku, ƙawarki ce ta musanya, ina can ina kallonta.

Cuku. Garin cuku ne, wanda suke zuba wa kowa. Abin da Jummai ta raɗa mata shi ne kada a sa mata, don jikinta ba ya karɓar duk abin da aka yi da madara. Kuma na sani! Ni ce na bi ta asibitin makaranta riƙe da takalmanta ranar da ta kurɓi fura da nono, fuskarta ta kumbura, numfashinta yana sarƙewa.

Jummai ta ajiye cokali ta dube ni.

"Me ya sa kika musanya?"

Ni da nake tsayawa gaban Balarabe in karya masa farashi ido cikin ido, sai ga ni ina kallon tebur.

"Na ɗauka barbaɗe ne."

"Barbaɗen me? Don in same ki da me?"

"Telana," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Sai Jummai ta miƙo min hannun abayar da ke jikinta, ta juya bakin ɗinkin. Ban buƙaci a gaya min ba, na san aikinsa ko a duhu.

"Mai shago kusa da masallaci, ko? Hajiya, rabin matan Kano da ke garin nan wurinsa suke ɗinki. Shi yake ba mu labarin wata Hajiya da take shigo masa tana haki kamar an biyo ta. Ban taɓa cewa na san ki ba."

Na ce, "To me ya sa kika kawo ni nan?"

"Don na gaji da cin abinci ni kaɗai a ɗaki, ina kallon bango. Shi ke nan fa."

Wannan ta fi komai yi min ciwo. Na ba ta haƙuri har sai da ta ce ya isa, ana kallonmu. Aka kawo mata sabon faranti, ta matsar da shi can gefenta, ta kare da hannu, ta ce in zan tashi wanke hannu mu tashi tare.

Abin da na koya shi ne, wayon kasuwa a ƙofar kasuwa ake tuɓe shi, in ka shiga da shi wurin mutanenka kai za ka sha kunya. Tela dai na canza, kuma har yau ban nuna wa kowa shagon sabon ba. Jummai ce ta kai ni.