Asid Firi

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin jikata Safiya ba, ko da ina so. Kuma wallahi ina so.

Safiya a hannuna ta tashi, nan Gyadi-Gyadi. Uwarta wurin haihuwarta ta rasu. 'Yata ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. Haka aka koya mana, 'yar fari kunyarta ake ji. Abin da ya rage min nata hoto ne ƙwaya ɗaya tak, wanda ta ɗauka da wata salla, ta dafa fulawar roba tana murmushi da wushiryarta. A ƙasan kwalla nake ɓoye shi. Sau nawa Safiya ta roƙe ni ta ɗauke shi a waya, na ce ba za a watsa min yarinya a duniya ba. (Ku riƙe wannan, a gaba za ku gane girman wautata.)

Da biki ya matso, sai ƙawarta Nafisa, wata 'yar Daurawa mai ɗan karen surutu, ta zo da sana'arta wai sikirabuk. Ashe alban ne, amma wanda aka yi wa kwalliya kamar amarya. Ta baje kaya a tabarmata: kwalaye kala-kala, almakashi mai haƙora kamar zarto, wani ɗan ƙarfe wai fanci da ake matsawa ya fitar da tauraro, sitika, ribon, ƙyalƙyali, da tef mai gam gaba da baya. Yanke gefen hoto wai sunansa kurofin. Jera hotuna a shafi wai leyawut.

Na ce, "Yo mu da muka tsufa muna yi wa amare jere, ashe leyawut muke yi ba mu sani ba."

Suka cika alban da hotunan Safiya tun tana rarrafe. Shafi biyu na farko suka bari fili, na uwarta. Nafisa ta miƙo hannu wai in ba ta hoton.

Na ce, "Janye hannunki. Ni zan liƙa, har rubutu zan yi."

(Na haura sittin kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun da na iya haɗa baƙi da wasali, ko kwalin ashana ba ya wuce ni, kuma ba wanda ya isa ya gaya min magana.)

"To Kaka, ga gam," in ji ta, ta ba ni wani abu kamar man leɓe. "Shi kaɗai za ki sa, asid firi ne. In kin gama ki zura kowane shafi a ledarsa."

Na ce to. Suna fita na zauna ina juya abin. Asid na san shi, mai cajin batirin bakin layinmu duk wandunansa huji ne saboda shi. Firi ma na san ta, kullum 'yan adaidaita cewa suke ba firi a Kano. Kyauta ke nan. Wato gam ne aka yi masa gyara da asid! Shi zan goga wa 'yata? Ledojin kuwa na ga masu ƙwari ne, na zuba daddawa a ɗaya, kuka a ɗaya.

Tambaya fa? Safiya na ɗakin da ke jikin nawa. Amma tsohuwar da ta iya karatu ta tambayi jika? Sai na ɗora tukunya. Na dama fulawa yadda masu manna fasta suke yi, na ɗan zuba sukari don ya yi danƙo. Na lafta wa bayan hoton da yatsa, ban yi rowa ba, har yana ɓulɓulowa ta gefe. Na kewaye shi da taurari. A shafin da ke kallonsa na kama biro, na rubuta sunanta, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. A ƙasa na sa: "Ga uwarki." Na rufe alban tun bai bushe ba, na naɗe a zani, na tura ƙarƙashin gado, na ce ba mai gani sai ranar biki. Tsakiyar damina fa.

A gidan baffanta a Tarauni aka yi yini. Tsakar gida cike da mata, dangin ango a gaba, leshi sai ƙyalli yake. Nafisa ta karɓi makirfo ta ce yanzu amarya za ta ga kyautar kakarta. Aka rangaɗa guɗa. Na miƙe ina taku ɗaiɗai, na kwance zanin da kaina.

Warin ne ya fara fita, irin na tuwon da aka manta a tukunya. Sannan kyankyasai. Ba ɗaya ba, iyali guda. Wani ya hau leshin gwaggon ango, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ta zabura ta yar da jaka.

"Innalillahi! Kyautar ce mai ƙafafu?"

Aka kwashe da dariya. Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma shafin farko ya ƙi buɗuwa, ya haɗe da na biyu kamar an ɗinke. Nafisa ta ce a bari a nemi dabara. Ni uwar sani na ce miƙo min nan, na sa farce na ja.

Har yau ina jin ƙarar. Kyaaat.

Jikin yana nan, atamfar tana nan, fulawar robar nan ko ƙwarzane babu. Fuskar ce babu. Ta ɗaye ta kife a kan sunan da na rubuta, farin bayan takarda kawai ake gani, fumfuna ta zagaye shi.

Nafisa ta sunsuna. "Kaka, wane gam kika sa?"

"Na gida. Naki mai asid ne."

"Kaka, firin nan babu ake nufi. Babu asid a cikinsa. Don kar hoto ya lalace aka yi shi."

A hankali ta faɗa, sai dai ta manta makirfon na bakinta. Har maƙwabta sun ji.

Safiya ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sa yatsanta mai lalle tana shafa inda fuskar take, ta ce, "Ba komai, Kaka. Na haddace ta." Ƙarya take. Sau nawa na bari ta gani? Salla-salla, shi ma a hannuna, ban taɓa sakar mata ba.

Bayan biki mun zaga shagunan masu hoto har Hotoro. Wani ya turara da ruwan zafi, takardar ta zama kunu. Wani ya aro fuskar Safiya a kwamfuta ya ɗora. Kyakkyawa ce, amma ba 'yata ba ce, ko wushirya babu. Yanzu fuskar nan ba ta ko'ina a duniya sai cikin kaina, kan da ba ya riƙe inda na ajiye tabarau. In na rufe ido wushiryar tana zuwa. Idanun sun fara ƙin zuwa.

A aji an koya mana baƙi da wasali, ba a koya mana cewa "ban gane ba". Wannan sai da na ba da fuskar 'yata na koya. Yanzu ko ɗan adaidaita ya ce min ba firi, sai na ce, "Wacce daga ciki, yaro, ta kyauta ko ta babu?"

Daddawa da kuka kuwa suna nan a ledojinsu lafiya lau. Ko fumfuna babu.