Injiniya Giram da Rishonsa

Duk wanda ya ce Samaru ba ta da manyan mutane, bai taɓa ganin Malam Usaid yana auna cokali ba. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Wasu in sun kalli abu kyansa suke gani, wasu tsadarsa, shi kuwa nauyinsa yake gani, har giram na ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana mataimakin mai kula da sito a wani ofishi, aikinsa ya ɗora buhun taki a sikeli ya sauke, amma kada ka kuskura ka ce masa ɗan sito. Katin da ya buga wa kansa cewa ya yi "Masanin Ma'auni da Harkokin Tafiya". Abokan aiki dai Giram suke ce masa, in yana kusa su ƙara masa Injiniya.

Ilimin ya sauko masa ne ta waya. Wata uku ya yi yana kallon bidiyon Turawa masu yawon daji da jakar goyo, waɗanda ke yanke mariƙin buroshin goge baki don rage nauyi. Daga nan ya gane cewa duk Zazzau a duhu take, kuma shi aka turo.

Wurin da ya fara haskawa shi ne Ƙungiyar 'Yan Tattaki ta Samaru. Mutum goma sha huɗu ne, malamai da ma'aikata, duk Asabar ɗin farkon wata su hau Dutsen Kufena, su dafa abinci a can sama, su ci, su sauko. Shugabansu Baba Albert, tsohon malamin labarin ƙasa, gwiwa ta fara yi masa gardama, ya ce zai ajiye. Aka tsayar da cewa a fita ta gaba za a yi zaɓe a kan dutsen, da zarar an gama cin abinci. Masu nema biyu ne. Akwai Malama Winifred, malamar firamare daga Hanwa, wadda shekara shida ita ke girka wa ƙungiyar. Sai kuma Injiniya, wanda ya riga ya faɗa wa surukansa da maƙwabta cewa kujerar tasa ce, rantsarwa kawai ake jira. Gaskiya yana son kujerar nan. Tun da yake, ba a taɓa kiransa shugaban komai ba.

A taron ƙarshe ya miƙe, ya gyara murya.

"'Yan uwa, mun daɗe muna hawan dutse kamar masu ƙaura. Tukunya, ludayi, gawayi, har da turmi in an bar mu. Duniya ta wuce nan. Mai ƙaramin kaya ba ya gajiya, wannan kimiyya ce, ba ra'ayina ba ne. Ran Asabar kada kowa ya hau da komai sai ruwan shansa. Kada ma ku karya a gida. Ni zan ciyar da ku, da kayan girkin da ba su kai rabin kilo ba. Bayan nan ku zaɓi wanda kuka ga dama."

Aka tafa. Malama Winifred ma ta tafa, har ta fi kowa.

Ran Laraba ya ɗauki hutu daga ofis, ya sa ƙaramin sikeli a aljihu, ya shiga Sabon Gari. A unguwar PZ akwai shagon Madam Onyinyechi mai kayan kicin na gwanjo, matar da ta ga kwastoma iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo da sikelinsa ba. Awa uku ya yi. Rishon kananzir ko taɓa shi bai yi ba, ya ce kayan tarihi ne. Wani ƙaramin risho na gas ya hau sikeli ya nuna giram ɗari biyu, Injiniya ya ture shi yana girgiza kai kamar an kawo masa labarin rasuwa. Can ƙasan wani kwali aka tono wanda zuciyarsa ke nema: ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, in an naɗe shi bai fi fara ba, ana ɗaura shi a kan gwangwanin gas. Giram ashirin da biyar. Sai da idonsa ya kawo ruwa.

Tukunyar da ya zaɓa ta ƙarfen taitaniyam ce, kalmar da ya faɗa sau tara kafin ya bar shagon. Kofi ɗaya da rabi take ci.

"Oga, wannan na mutum ɗaya ne o," in ji Madam. "Ka ɗauki babban gas, ka haɗa da wannan faifan ƙarfe mai tare iska."

Ya ɗora faifan a sikeli. "Giram tamanin! Madam, kina so ki kashe ni? Ki karanta kwalin, minti uku ruwa ke tafasa. Uku sau goma sha huɗu, arba'in da biyu. Ki bar lissafi ga masu shi."

Ta bar masa. Ta ba shi ƙaramin gwangwanin, ta raka shi da ido har titi.

A gida aikin ya ci gaba. Ya sa zarto ya yanke mariƙin cokali. Ya ɓare takardar jikin gwangwanin gas. Ya tsinke zaren kowane ƙunshin ganyen shayi, ya tara zaren ya auna, ya samu giram ɗaya, ya yi hamdala. Matarsa Aishatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta tambaye shi ko zai tafi da sukari da madara. Ya ce mata sukari nauyi ne da ba ya ƙara wa tafiya komai. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

A ba shi haƙƙinsa, ran Asabar shi ya fara isa saman dutsen. Sauran suka iso suna haki, ciki ba komai, suka tarar da shi tsaye a kan wani falalen dutse, hannu a ƙugu, yana kallon Zariya kamar shi ya shimfiɗa ta. Ya jira kowa ya zauna. Sannan ya zaro rishon daga aljihun gaba, ya ɗaga shi sama da yatsa biyu.

"Ku kalla da kyau. Jikokinku za su tambaye ku ko kuna wurin."

Ya kunna. Iska ta kashe. Ya sake kunnawa, ta sake kashewa. A karo na biyar ya umarci maza huɗu su durƙusa su kewaye rishon, su buɗe rigunansu. Haka aka maye gurbin giram tamanin da ƙarti huɗu masu jin yunwa. Minti ukun kwali ya zama sha biyu, kafin ruwan ya fara motsi.

Kofin shayin farko aka miƙa wa Baba Albert, don shi ne babba. Nan ne lissafin Injiniya ya gamu da abin da babu shi a bidiyo. Dattijo ba zai kai kofi baki ido ashirin da shida na kallonsa ba. Ya ɗaga ya ce, "Bismillah, jama'a." A ranar da aka saba, kowa cewa zai yi a sha lafiya. Amma yau mutane sun hau dutse ba su karya ba, bisa umarni. Na kusa ya karɓa ya kurɓa, shi ma kunya ta sa ya ce bismillah, na gaba ya karɓa. Kofin ya zaga da'ira ya dawo wa Baba Albert da jiƙaƙƙen ganye a ƙasa. Wani ɗan ƙungiyar, Adebayo, wanda kurɓar ƙarshe ta faɗo kansa, ya tambaya da ladabi ko maganin shawara ne.

Zagaye na biyu indomi ce, ƙunshi ɗaya, an farfasa ta don ta shiga tukunyar. Mutum goma sha huɗu, cokali ɗaya, shi ma ba mariƙi. Wanda ya samu sili uku ya gode wa Allah. Ana cikin zagaye na uku wutar ta yi ƙasa, ta yi fus, ta ɗauke. Injiniya ya girgiza gwangwanin a kunne. Shiru.

"Wannan sananne ne," ya ce. "Iskar sama ta bambanta da ta ƙasa. A ƙasashen da suka ci gaba ma yana faruwa."

Cikin wani ne ya amsa masa da ƙara.

Malama Winifred ta gyara ɗankwali, ta ce ita dai ta bi doka, ba ta hau da komai ba. Sai dai ta bar tukunyar ƙungiya a cikin bas ɗin da ya kawo su, a gindin dutse, da taliya da manja da kifi a ciki, da jarkar ruwa, ko da za a buƙata. Kafin ta rufe baki an jera duwatsu uku, wasu sun bazu neman itace. Saura mai sauka ya ɗauko.

"Wanda bai gaji ba shi zai je," in ji Baba Albert. Ya juya a hankali. "Injiniya, ai kai ka koya mana. Mai ƙaramin kaya ba ya gajiya."

Kimiyya ce, ba ra'ayinsa ba, don haka ba hanyar musu. Ya sauka. Tukunyar irin ta gidan biki ce, zubin Sabon Gari, mai kaurin gindi. Ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya ɗora ta a ka, hannu ɗaya na tallafe da ita, ɗaya na jan jarka, in wannan ya gaji ya sauya. Awa guda ya yi yana hawa. Ya iso jiƙe sharkaf, bakinsa ya kasa ko da jawabi ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba.

Dafa-dukar ta yi daɗi, kuma ba a ga Injiniya yana auna rabonsa ba. Sau uku ya ƙara.

Aka zo zaɓe. Masu son Malama Winifred, hannu goma sha biyu. Masu son Malam Usaid, hannu ɗaya, na Winifred, don tana da tausayi. Nasa hannun ya yi ƙoƙari, ya taso har wajen ƙirji, ya koma. Kafaɗar ta ƙi.

Sabuwar shugaba ta ce ba za a bar ilimi irin wannan ya tafi a banza ba. Ta ba da shawarar a ƙirƙiro muƙamin Babban Daraktan Kayan Girki, a ba Injiniya. Hannu goma sha uku suka tashi. Fuskarsa ta washe. Ya miƙe da ƙyar, ya gode wa jama'a da suka gane daraja, ya yi alkawarin riƙe amanar har ƙarshen ƙarfinsa, ya roƙi a rubuta sunan muƙamin a cike a takardar taro. Sai da ya zauna ya tuna bai tambayi aikin ofishin ba.

Winifred ta nuna masa tukunyar. Duk wata, hawa da sauka.

Ya dubi tukunyar sama da ƙasa. Can ya ce, da 'yar ƙaramar murya, "Kilo nawa ce?"

"Ba mu taɓa aunawa ba, Darakta," ta ce. "In mun sauka sai ka faɗa mana."