Yadda Ake Canza Taimin Bel ɗin Motar Suruki a Ƙofar Gida

Kai da surukinka ya ƙi riƙe sunanka, matso kusa. Ina tabbatar maka, in ka bi matakan nan daki-daki, kafin rana ta faɗi ko dai motar ta tashi, ko darajarka ta tashi. Ɗayan biyu ba makawa. Hanyar nan an gwada ta a kan maƙwabcina Tela, ina tsaye a ƙofar gidana ina kallo.

Tela mutumin kirki ne, ɗinkinsa ba ya warwarewa, 'ya'yansa har sun shiga makaranta. Amma duk sanda surukinsa zai ambace shi, sai ya ce "wannan mai keken". Abin yana cin Tela a rai ƙwarai. Ba ya neman komai a wurin tsohon, illa wata rana ya dube shi kamar ɗan gida.

1. Ka yi magana kafin ka yi tunani

Ka jira ranar da Baba, wato surukin naka, zai zo ziyara da tsohuwar motarsa, wadda yake gogewa safe da yamma da wani tsumma da ba ya barin aljihunsa. Zai zauna yana ƙorafi: bakanike ya ce taimin bel ya tsattsage, in ya tsinke a hanya inji ya tafi. Sabon bel ɗin yana ajiye a but ɗin motar, amma kullum sai bakaniken ya ce ya dawo gobe.

A nan za ka shigo. Kada ka tambayi mene ne taimin bel, tambaya ta 'yan koyo ce.

"Baba, ai ni ma kullum da bel nake aiki," in ji Tela. "Keken ɗinki ma inji ne."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Za ka iya kuwa?"

Matar Tela ta tsaya da kofi a hannu tana ta ƙifta masa ido. Kada ka kalli matarka a wannan lokaci, za ta rage maka ƙarfin gwiwa.

2. Ka yi karatu mai zurfi

Shiga banɗaki da wayarka ka kalli bidiyo. Za ka ji cewa taimin bel wata roba ce mai haƙora da ke haɗa fuli na sama da na ƙasa, wato faifan ƙarfen da ke juya kayan cikin inji. Dole su tafi tare, kamar ƙafar tela da allurarsa. In ɗaya ya goce, ƙarafan ciki sai su yi karo. Saboda haka kafin a cire tsohon bel, sai an yi alama a inda kowane fuli ya tsaya.

Da Tela ya ji kalmar alama sai hankalinsa ya kwanta, don kuwa wannan sana'arsa ce. Mai bidiyon ya ci gaba da bayanin wasu alamomi da kamfani ya sa tun asali. Ka tsallake wurin nan kamar yadda Tela ya yi, surutu ne kawai.

3. Ka kwance duk abin da ya tare maka hanya

Buɗe bonet, ka rataya tef ɗin awo a wuya don a san ba wasa ka zo ba. Notin da ya ƙi kwancewa, ka ce aikin bakaniken baya ne. Wanda ya faɗa cikin inji ya ɓace, dama ba shi da amfani.

4. Ka yi alama da allinka

Nan kam Tela ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauko farin allin da yake zana wuyan riga da shi, ya ja layi sambal daga kowane fuli zuwa jikin inji. Sannan ya zare tsohon bel ɗin ya ɗaga shi sama kamar ya kashe maciji. Baba ya gyaɗa kai. Sau ɗaya ne, amma Tela ya gani, har ƙirjinsa ya buɗe.

5. Ka bar Baba shi kaɗai da motar

Daidai lokacin wani zai zo karɓar wandonsa, ya ce yanzu-yanzu yake so. Ka je shago ka sallame shi. Me zai faru cikin ɗan wannan lokacin?

Tela ya dawo ya tarar da inji yana ƙyalli. Baba na tsaye yana ninke tsummansa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Na ce bari in rage maka aiki," in ji Baba. "Wani farin datti na gani, na goge. Har na sa sufana na ɗan juya faifan nan na goge bayansa."

Tela ya leƙa. Ko ɗigon alli babu.

6. Ka yi godiya

Wannan shi ne mataki mafi wuya, a nan ragwaye suke faɗuwa. Ka dubi tsohon da bai taɓa kama maka ko allura ba, yau ga shi ya taya ka aiki da hannunsa, yana jiran yabo. Za ka buɗe baki ka ce ya kashe motarsa?

"Sannu da aiki, Baba," in ji Tela. "Allah ya ƙara girma."

Sai ka saka sabon bel da ƙiyasi, yadda kake yanka riga wa mutumin da ya turo awonsa ta waya.

7. Ka tayar

Kafin nan maƙwabta sun taru, don ba a ɓoye buɗaɗɗen bonet. Tela ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar an zuba cokula a tukunya, ta yi tsit. Kada ka sake murɗawa. Tela ya sake, ba ta ko amsa ba.

8. Ka rungumi laifin

"Maigida, me ya faru?" in ji matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

Kowa ya zuba wa Tela ido. Gaskiya tana bakinsa, kuma da ya faɗe ta da ya fita fes. Amma sai a juya a kalli Baba, a gaban 'yarsa da jikokinsa.

"Ni ne na yi kuskuren awo," in ji Tela. "Baba, ka yafe mini."

Mutane suka watse suna ƙunshe dariya. Baba ya sa hannu a aljihu. Ya zaro tsumma zai goge zufa, sai ya tsaya yana kallon farin da ke jikinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Abin nan da na goge, na mene ne?"

"Ƙura ce, Baba."

"Ƙura ce take miƙewa sambal kamar an ja da rula?"

Tela ya sunkuyar da kai. Tsohon ya mayar da tsumman aljihu a hankali, ya dafa motar, ya yi gyaran murya.

"Ɗana, kama can mu tura ta inuwa."

Ka tura. In hawaye ya zo maka, ka ce hayaƙin inji ne, ko da yake injin bai tashi ba.

A kula

Ni dai ba ruwana da inji, ba ruwana da noti, kuma kada bakanikenka ya zo nemana. Alkawarin ɗayan biyu na yi, na kuwa cika. Motar har yau tana gareji an tone mata ciki. Sauran abin da zai biyo baya ma kai ka jawo wa kanka: yanzu kullum da safe Baba yana takowa da ƙafa zuwa shagon Tela, ya zauna a benci, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ɗansa ne mai shagon. Da tsummansa yake zuwa. Duk yadin da Tela ya zana da alli, sai ya ɗora shi can saman kanta, inda hannun Baba ba ya kaiwa.