Yayyafin da ya koma tsawa a Kebbe

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Rukayya a Kebbe ba, kuma ko na so mantawa matan unguwarsu ba za su bar ni ba.

Tun muna sakandare nake rubuta waƙoƙi, amma ban taɓa karanta ko ɗaya a gaban jama'a ba. Rukayya kaɗai ke jin su. Da aka sa ranar aurenta ta ce ba ta son kwano ko atamfa daga wurina, waƙa take so, kuma in tsaya in karanta da bakina a wajen liyafa. Na rubuta mata a kan yayyafin farkon damina, yadda yake sauka a hankali har ƙasa ta yi ƙamshi bai karya ko tsiro ɗaya ba. (Ina rubutawa ina share hawaye, ni kaɗai a ɗaki, saboda daɗin waƙar kaina.)

Sai na ga waƙar tana buƙatar ɗan kiɗa mai sanyi a bayanta, na je na roƙi Yaya Nasiru. Yayana injiniya ne, kuma yana da wani abin kiɗa na lantarki da ya zo da shi daga karatu. Dogon katako ne kamar jita marar ciki, da tsirkiyoyi masu kauri a gefe guda, sirara a ɗaya gefen. Ba kaɗa shi ake yi ba, danna tsirkiyar ake yi da kan yatsu, hannu biyu, kamar mai rubutu a kwamfuta. Idan ba a haɗa shi da lasifika ba sautinsa bai fi raɗa ba, shi ya sa ma Baba ya ƙyale shi a gidanmu na Tambuwal. Can ƙasa, ƙarƙashin tsirkiyoyin, akwai wani ɗan baƙin maganaɗisu mai noti a kowane gefe. Shi ke ɗaukar sautin ya kai wa lasifika. Yaya yana ce masa kunne.

Ya yarda, da sharaɗin ni zan tafi da abin a mota tunda zan riga shi, shi kuma zai taso daga wajen aiki a Dogon Daji a kan mashin ranar liyafar. Ya ce in riƙe shi kamar jinjiri. Haka na yi, na rungume shi a cikin jakarsa tun daga tasha. Amma direbanmu ya faɗa wani rami, kan jakar ya bugi rufin mota.

Da safe a ɗakin Rukayya, ana can ana fama da tukwane, na zuge jakar in duba. Katako lafiya, tsirkiyoyi lafiya. Amma kunnen nan a karkace yake. Gefen tsirkiyoyi masu kauri ya nutse ƙasa, gefen sirara ya ɗago. Na ce shi ke nan, ramin jiya ne.

Ni mutum ce da ba ta iya kallon hoto a karkace a bangon gidan mutane ta yi shiru. Na ciro abin yanke farce daga jakata, na sa bakin ɗan ƙarfen gogar farcen a kan notin, na juya. Sai na ga gefen yana tasowa. Na ci gaba har ya daidaita da ɗan'uwansa. Daga nan wata dabara ta zo mini: tunda kunne ne, kuma filin liyafar babba ne, ai gara ya matso kusa ya ji da kyau. Na ƙara ɗago gefen biyu har suka kusa taɓa tsirkiya. Na danna na saurara, raɗar nan dai ce kamar kullum. Na rufe jaka ina jin na rufa wa kaina asiri, har ma na yi wa Yaya alheri.

Yaya bai iso ba sai da aka zauna. Babu wuta, ba a kuma tada janareta ba sai da amarya ta fito, don haka bai sami damar gwaji ba. Ya ja abin daga jaka, ya rataya, ya soka waya. A sararin sama kuwa akwai ɗan hadari ta gabas, kowa na satar kallonsa saboda a tsakar fili ake, kuma a bayan gidan bikin an shanya barkono da kayan wanki.

Aka ba ni makirfo. Na dubi Rukayya, na rufe ido, na karanta baitin farko, inda yayyafi ke zuwa a kan yatsun ƙafa don kada ya tada kowa. Yaya ya danna tsirkiya mai kauri.

Ƙarar da ta fito daga lasifikar nan sai da na ji ta a haƙorana. Ta yi ruri, ta yi rawa, ga wani ƙas-ƙas a kai duk lokacin da tsirkiyar ta bugi maganaɗisun. Siraran da ya kamata su zama yayyafin ba wanda ya ji su, manyan sun haɗiye su. Wani jariri ya tsala kuka. Kakar amarya, Inna Kulu, da ba ta gani sosai, ta ɗaga kai sama ta ce a kwashe shanya ga ruwa nan. Mata kuwa suka tashi da gudu zuwa wajen shanyar.

Yaya ya ɗauke hannu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyin. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Wa yat taɓa kunnen ga?”

“Ni ta, Yaya. Na gane shi karkace, shi na na miƙe ma shi.”

“Da mi kinka miƙe shi?”

“Da abin yanke farce.”

Ban tuna makirfo na bakina ba sai da na ji “abin yanke farce” ya dawo mini daga bangon masallaci. Abokan ango suka kife da dariya. Rukayya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. (Daga baya ta rantse mini kuka take yi. Ban yarda ba.)

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu mai sukurdireba a wurin. Dole na buɗe jakata a gaban kowa na miƙa masa kayan aikina. Ya zauna a bakin tabarma yana gyara, yana yi mini bayani ba tare da ya dube ni ba. Ashe shi ya karkatar da kunnen da gangan. Tsirkiya mai kauri tana da ƙarfin murya, sai an janye kunne daga gare ta, siririya kuwa sai an matso mata, sannan su fito daidai. In kuma ya matso da yawa, maganaɗisun kan ja tsirkiyar ya ɓata mata murya. Ya saukar da gefen biyu, ya ƙara saukar da na masu kauri. Ya danna babba, ya danna ƙarama, ya kasa kunne, ya ɗan juya noti, ya sake. Da ya gama, abin ya koma a karkace kamar yadda na same shi.

Kafin nan an fara raba shinkafa. Na so in sulale, Rukayya ta aiko a ce mini ba ta yafe waƙarta ba. Na koma na karanta tun daga farko, cokula na ƙara, amma kiɗan ya sauko a hankali kamar yadda na yi mafarki. Da na gama Inna Kulu ta kira ni ta kama hannuna ta ce, “Ɗiyata, waƙarki ta yi daɗi. Amma in za ki sake, ki hwaɗa muna da wuri mu kwashe barkono.”

Har yau in na sauka Kebbe sai wata ta ce ga mai hadari ta zo. Yaya kuwa ya saya wa jakarsa kwaɗo. Ni ma na ɗan gyaru: in na shiga gidan mutane na ga hoto a karkace, nakan zauna a kan hannuwana, in fara tambaya ko mai gidan ne ya so shi haka.