Funkaso Huɗu a Aljihun Liman

Ba za ni taɓa mantawa da sallar azahar ɗin da na ja a Turba ba, a shekara ta biyu ta fari. Mutanen Turba ma ba su manta ba. Har yau in na shiga kasuwar Isa sai an samu wani shaƙiyyi ya gaishe ni, ya gaida iyali, sannan ya tambayi lafiyar aljihuna.

Bari in fara da cikina, tunda shi ne mafarin komi. Ni malamin Arabiyya ne a wata firamare can wajen Gangara, ƙasar Sabon Birni. Na yi shekaru ina fama da ciwon da ba wanda ya gane kansa: kumburin ciki, gudawa, rama, ga kasala kamar an yi mini dukan tsiya. Na sha sassaƙe, na sha rubutu (ni da nake rubuta ma wasu), har wata gwaggona ta rantse da Allah sammu ne. Sai da wani likita a Sakkwato ya yi ta gwaje-gwaje, sannan ya zaunar da ni ya ce hanjina ne ba ya shiri da alkama. Wai akwai wani abu cikinta da ke cinye bangon hanji ga masu irin halittata, sunan ciwon siliyak. Na ce to, a rubuta mini magani. Ya ce maganin ke nan, in bar alkama har iyakar rayuwata. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba alkaki, kai, ko ɗan garinta da ya maƙale cikin injin niƙa.

Maiɗakina Hauwa, Allah ya saka mata, tun ranar ta daina kai hatsinmu inji, ta koma ga turmi. Ta watsar da dunƙulen miya na kanti, don wani da alkama cikinsa, ta riƙe daddawa. Wata huɗu ba su cika ba na yi kumatu, na koma noma da kaina. Ashe lafiyata tana cikin geron da na taso ina ci, ni kuma ina can teburin mai shayi ina kashe kaina da burodi don a ce malami ya waye.

Sai dai ban gaya ma kowa ba. Daga ni sai Hauwa. Bagobiri guda, da zanena a fuska, in tsaya gaban maza in ce wai abinci kaza bai karɓe ni ba? Cewa za a yi ciwon 'yan gayu ne. Kuma duk wanda ka faɗa ma sai ya ce, "To in ka ci mi ke faruwa?" Amsar wannan tambaya kuwa ba ta dace da bakin malami ba.

Abu guda ciwon ya koya mini. Tunda na san ba ni da wurin gudu in gero ya ƙare, sai na daina sayar da ko dami ɗaya da kaka. Maƙwabta na loda ma 'yan kasuwa ana ƙetarewa da shi Nijar, ni ina ƙara ma rumbu yaɓe. Anka sa mini suna marowaci, na ce na ji. Da fari ya zo, gero ya ƙone a tsaye bai kai gwiwa ba, jama'a sunka koma ga alkamar agaji, ni ina da rumbu biyu da ban ko buɗe ba. Ba na faɗi don alfahari ba. (To, da ɗan alfahari kaɗan.)

Cikin wannan hali ne Sani ya kawo mini maganar aure. Sani ɗan ƙanena ne marigayi, ni na rene shi, tela ne a Sabon Birni. Ya daidaita da wata yarinya mai hankali, Balkisu, ɗiyar Malam Ummaru na Turba. Shekara biyu suna jiran juna. Ni ne uba, don haka ni za ni je neman aure. Na fiddo farar rigata ta shadda, mai babban aljihun nan na ƙirji, na hau bayan babur ɗin abokina Bawa, wanda ke fataucin kaya zuwa Maraɗi, munka kama hanya.

Malam Ummaru ya tarbe mu da mutunci, anka shimfiɗa muna tabarma a zaure. Ba mu kai ga zancen da ya kawo mu ba sai ga kwanoni. Bawa ya buɗe nasa, ya ce, "Allahu akbar!" Na buɗe nawa, na ce innalillahi a zuci. Funkaso ne, manya guda huɗu, suna ƙyalli da mai, ga miyar taushe a gefe. Zallar alkama.

"Inna ce ta soya da hannunta," in ji Malam Ummaru, yana nufin mahaifiyarsa. "Tun asuba take bakin murhu. Ta ce kada kwano ya komo mata da komi." Ya fita ya ba mu wuri, kamar yadda aka saba yi ma baƙi.

Yanzu mai hankali zai ce, mi ya hana ka kira shi ka gaya mai gaskiya? Nima na sha yi ma kaina wannan tambaya. Amma ka tuna shekarar. Mutane na cin tafasa ba gishiri, ga gidan da ya yi maka funkaso, kai kuma ka buɗe baki ka ce ba ka cin alkama? Ai sai a ce ka raina su. In kuma na ci, na san kwana uku za ni yi ina zarya, kuma zaryar za ta fara ne tun kan babur. Bawa ya share kwanonsa tas, ya yi gyatsa, ya fita duba mashin. Na dubi ƙofa, na dubi kwano, na dubi aljihu. Shaiɗan ya ce bismillah.

Duka huɗun na tura cikin aljihu. Miyar na juye cikin kwanon Bawa, don in za a ce wani ya rage abinci, a ce shi ne. Har da shafa ɗan mai a leɓe na yi, saboda shaida. Da Malam Ummaru ya dawo ya ga kwano wayam, fuskarsa ta washe. Na ce, "Kai, Allah ya yi ma Inna albarka, rabona da irin wannan tun ina yaro." Wannan kam ba ƙarya na yi ba sosai.

Sai anka kira azahar.

Masallacin unguwar fili ne da anka kewaye da duwatsu, ƙarƙashin dogonyaro, daidai ƙofar gidan. Limaminsu ya tafi cin rani. Mutum wajen ashirin sunka yi sahu, sai wani dattijo ya ce, "Ga malami a gari, wa zai shiga gaba?" Da ina da wayo da na ce maƙogwarona na ciwo, ko da yake azahar ba a bayyana karatu. Amma an ce malami, gaban surukai, kaina ya kumbura. Na gyara hula na shige gaba, na ma juyo na ce a daidaita sahu.

Wanda ya ɗinka aljihun babbar riga bai yi shi don mai ruku'u ba. Ina sunkuyawa na ji abu ya motsa. Na farko ya leƙo, ya faɗo tim, ya gangara a hankali ta gefena har ya tsaya gaban sahun farko. Na ce a raina, wataƙila kowa ya runtse ido. Da na tafi sujada na biyu ya fito. A raka'a ta biyu na uku ya bi 'yan'uwansa.

Sannan kaji sunka gani. Kajin shekarar fari, waɗanda rabonsu da tsaba sai Allah. Wallahi ban san daga ina sunka fito ba. Kafin in ɗago sun kewaye ni, suna cakar funkaso suna faɗa da juna, ƙura na tashi. Salla ce ta asirce, ba abin da kake ji duk unguwar sai kukan kaji da wani tari-tari daga sahun baya, wanda na tabbata na Bawa ne. Wata jar kaza ta ƙi shiga rububin. Ta tsaya daidai wurin goshina, ta karkata kai tana kallon aljihuna, don ta san da saura. A sujadar ƙarshe ta samu rabonta.

Na yi sallama. Liman kuwa dole ya juyo ya fuskanci jama'a. Na juyo, ga mai ya zana mini taswira a farar shadda tun daga ƙirji har cibiya.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya tsorata ni. Da shekarar ƙoshi ce da an kwashe da ni har ƙasa. Amma kowa ya sunkuyar da kai. Malam Ummaru ya matso, ya rage murya, cikin tausayi ya ce, "Malam, wanga ba abin kunya ba ne, shekara ce ta zo da haka. Mai iyali ba shi iya haɗiye loma bai tuna na gida ba. Sai dai zancen Balkisu, mu dakata tukuna. Ba ni iya ɗauke ɗiyata daga yunwa in kai ta ga wata yunwa."

Kun ji fa. Ni, mai rumbu biyu, an ɗauka 'ya'yana na ɓoye ma abinci. Kuma a ƙasarmu in uban ɗiya ya ce a dakata, kowa ya san abin da yake nufi. Na tuna Sani yana can bakin keken ɗinkinsa yana leƙen hanya, shekara biyu yana jiran wannan rana. Ga sirrina, ga aurensa, dole ɗaya ya tafi.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Jama'a, ba yunwa ba ce. Ciwo gare ni, likita ya hana ni alkama."

Dattijon nan ya ce (na san za a rina), "To in ka ci mi ke faruwa?"

Na dubi sama, na dubi ƙasa, na ce, "Zawo. Kwana uku ba tsayawa."

Nan ne dariyar da anka riƙe tun ruku'un farko ta fashe. Har da masu kwanciya. Bawa na share hawaye yana cewa, "Amma kai an yi mutum! Shekara nawa kullum munka je ga mai shayi sai ka ce kana azumi, ni ina ta ganin girmanka, ashe gudun bayan gida kake! Malam Ummaru, wanga yunwa ba ta san ƙofar gidanai ba. Rowa ce dai ta yi mai katutu."

Har na fara jin sanyi a raina, sai wata murya ta fito daga cikin zaure, murya ta tsufa amma ba ta rawa. Inna ce.

"Ummaru, tambaye shi, bakinai na ciwo ne da bai faɗi ba tun farko? Irin shukarmu na fitar, shi kaɗai ya rage muna, anka musanya mini da alkama da mai, don kada baƙi su ce mun tarbe su da kunu. Ga shi can cikin kaji."

Dariya ta ɗauke ɗif. Wallahi faɗuwar funkaso ba ta yi mini zafin wannan magana ba. Kunun da take gudun ba ni, shi ne abin da zai fi yi mini daɗi a duniya. Ita ta ɓoye rashinta, ni na ɓoye ciwona, kaji sunka ci riba. Na ce, "Inna, na yi laifi, ki yafe ni." Ta juya ta koma cikin gida.

Malam Ummaru bai yanke magana ranar ba, ya ce sai ya gani da idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan kwana uku ya zo Gangara. Na sa tsani na buɗe mai rumbu ya leƙa, ya daɗe kansa na ciki. Hauwa kuwa ta ce yau za ta wanke mini suna. Ta yi dambun gero da zogale da ƙuli-ƙuli, ta yi masar gero, ga ɗanwake na garin dawa da rogo, ga tuwo da miyar kuka ta sha daddawa, sannan ta sauke da fura mai yaji. Ba ƙwayar alkama ko ɗaya. Ya ci har ya cire hula ya ajiye gefe. Da ya wanke hannu ya ce, "In haka masu wanga ciwo ke ci, Allah ya sa Balkisu ta iya jinya. Na ba Sani."

Washegari na zaɓi damma uku na zangarniya mafi kyau, waɗanda na keɓe don iri, munka ɗaure bayan babur, ni kuma na maƙale a samansu har Turba. Na yi sallama, na durƙusa bakin ƙofar Inna na ajiye. Ta daɗe tana murza zangarniya ɗaya a tafin hannunta, ta hura, ta dubi tsabar. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma tsohuwar Bagobira ce, ba ta bari ya zubo ba.

"Ajiye can," ta ce. "Ka ci abinci?"

Na ce, "Mi anka dafa, Inna?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, ashe ka iya tambaya."

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga baƙunta, ana gama gaisuwa nake faɗin abin da nake ci da wanda ba ni ci, in an tambayi dalili in faɗe shi da sunansa. Wasu su yi dariya, su kawo mini fura. Na gwada duka biyun, kunyar minti ɗaya a bakin zaure ta fi sauƙi bisa ga ta raka'a huɗu.